Hawan Al-Hada

Hawan Al-Hada, wanda Larabawan yankin ke kira Aƙabatul Hada ko Hanyar Kara, mashiga ce ta cikin duwatsu a yammacin ƙasar Saudiyya, wadda ta haɗa birnin Makka da birnin Ɗa'ifa. Kalmar "aƙaba" a Larabci tana nufin hawa mai wuya a jikin dutse. Hanyar ta ratsa Dutsen Kara, ɗaya daga cikin jerin duwatsun Sarawat da suka miƙe daga Hijaz har ƙasar Yaman. Tsakanin biranen biyu ta wannan hanya bai kai kilomita 90 ba, amma Makka tana kwance ne a kan tudun da bai kai mita 300 daga doron teku ba, Ɗa'ifa kuwa tana kusan mita 1,900. Garin Al-Hada da ke bakin hawan ya ɗan ɗara ta tudu, yana wajen mita 2,000.

Yanayin wurin

Mai fitowa daga Makka yakan wuce ta gefen Arfa, ya shiga Kwarin Nu'uman, ya isa ƙauyen Al-Kar da ke gindin dutsen. Daga nan ne hawan ke farawa. Titin yana naɗe jikin dutsen kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, har a hau sama da mita 1,000 cikin ɗan gajeren zango. Kafin a kai ƙarshe iska ta sauya. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Makka ke haura digiri 40, mutum yakan tarar da Al-Hada da sauƙin kusan digiri goma, da dare kuma har a nemi mayafi.

Tsayin dutsen ne ke tare iska mai laima da ke tasowa daga Bahar Maliya, shi ya sa gajimare ke sauka har kan titi, musamman da hunturu, wani lokaci direba ba ya hango motar da ke gabansa. Wannan laima ce ke raya itatuwan ar'ar, wasu itatuwan tsauni da ke kore duk shekara, a saman dutsen. Ruwan da ke gangarowa zuwa Kwarin Nu'uman kuwa shi ne tushen Ainu Zubaida, magudanar da Zubaida matar Halifa Haruna Rashid ta sa aka gina don shayar da alhazai fiye da shekara 1,200 da suka wuce.

Dabbar da kowa ke tunawa da ita a wannan hanya ita ce bika, wato gwaggon biri. Garke-garke suke zama a kan katangar bakin titi suna jiran masu motoci su jefo musu ayaba ko burodi. Sabon da suka yi da abincin mutane ya sa sun yawaita, sun kuma daina tsoro, har suna shiga gonaki da gidaje. Hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta hana ciyar da su, ta kuma sa tara, sai dai hana matafiyi miƙa wa biri ayaba ba ƙaramin aiki ba ne.

Tarihi

Tun kafin zuwan mota akwai turba a jikin Dutsen Kara, shimfiɗe da duwatsu kamar matakala, wadda fatake ke bi da jakuna da alfadarai da raƙuma suna kai inabi da rumman da zuma kasuwannin Makka. Tafiyar takan ci kwana biyu zuwa uku. Har yau ana ganin ragowar turbar, an kuma gyara wani sashe nata don masu yawon ƙafa. A shekarar 1814 matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Johann Ludwig Burckhardt, ya hau ta nan a kan hanyarsa ta zuwa ganin Muhammad Ali Pasha, mai mulkin Masar a lokacin, a Ɗa'ifa, ya kuma yaba lambunan saman dutsen ƙwarai.

Da motoci suka shigo, sai suka riƙa zagayawa ta arewa, ta Sailul Kabir, hanyar da ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake. An fara fasa titin Kara a zamanin Sarki Sa'ud, kamfanin Muhammad bin Laden ne ya yi aikin, Sarki Faisal ya buɗe shi a 1965. Tafiyar kwanaki ta koma ta awa ɗaya da 'yan mintuna. Daga baya an faɗaɗa shi ya zama tagwayen hanya, aka ƙara gadoji da fitilu da shingen tare duwatsu masu gangarowa.

Duk da haka ba kullum yake a buɗe ba. Idan hazo ya yi kauri, ko ruwan sama ya kwaso duwatsu, 'yan sandan hanya sukan rufe shi su juya motoci zuwa Sailul Kabir. Manyan motocin kaya ma can ake tura su, domin gangaren Kara yana cin birki.

Miƙati

Ga alhazan ƙasar Hausa, abin da ya fi muhimmanci a wannan hanya shi ne Wadi Muhrim, kwarin da ke tsakanin Ɗa'ifa da Al-Hada, inda aka gina babban masallaci da wuraren wanka. Miƙatin mutanen Najadu da Ɗa'ifa shi ne Ƙarnul Manazil, wanda yau ake kira Sailul Kabir. Malamai sun ɗauki Wadi Muhrim a matsayin saman wannan kwari, don haka wanda ya biyo ta Al-Hada da niyyar Umara ko Hajji a nan yake ɗaukar harami. Da yawa daga masu zuwa ziyara Ɗa'ifa, don ganin masallacin Abdullahi ɗan Abbas da wuraren da ake dangantawa da zuwan Manzon Allah (SAW) garin, sukan ɗauki harami a nan su sauko Makka da talbiyya.

Bunƙasar Ɗa'ifa

Ɗa'ifa ta daɗe tana zama mafakar masu hali na Makka da Jidda a lokacin zafi. A can Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953, kuma shekaru da dama gwamnati takan tare can da bazara. Titin Kara ne ya sa wannan hutu ya kai ga talaka mai ƙaramar mota. Yau mazauna birnin sun haura rabin miliyan, a 2017 kuma aka ƙaddamar da shirin "Sabuwar Ɗa'ifa", wanda ya ƙunshi sabon filin jirgin sama da unguwanni da raya wurin tsohuwar kasuwar Ukaz.

Al-Hada, wadda a da ƙauyukan manoma ce, ta cika da otal-otal da gidajen haya da wuraren shaƙatawa. Akwai keken igiya, wanda 'yan ƙasar ke kira telefirik, mai sauke mutane daga saman dutsen zuwa Al-Kar, tafiyar kimanin kilomita 4 a sararin sama, titin na murɗawa a ƙarƙashinsu. Gine-ginen sun ci wani ɓangare na gonaki, amma noman furen wardi bai mutu ba. A watannin Maris da Afrilu ake tsinkarsa da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshin, a dafa shi a manyan tukwanen tagulla, a tace ruwan wardi da man turare mai tsada da ake sayarwa da awon tola. Irin wannan turare na Ɗa'ifa yana cikin abin da ake haɗawa da ruwan Zamzam wajen wanke ɗakin Ka'aba.