Ciwo mai naci: abin da likita ke nufi idan ya ce "kuronik"

Yayana mai ɗinkin hannu ne a cikin birnin Zariya, irin waɗanda ke wuni a zaure sun tanƙwashe ƙafa suna yi wa babbar riga aiki. Shekara 2 ke nan kwankwaso na damunsa. Ya sha maganin basir har ya gaji, ya sha na sanyi, wanzami ya yi masa ƙaho ba sau ɗaya ba. Da ya je asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce babu karaya, babu wata muguwar cuta, ciwon ne ya zama "kuronik". Ya dawo gida rai a ɓace, ya ce mini, "Ka ji wai ba su ga komai ba. Ashe ƙarya nake yi ke nan?" Na ce, "A'a Yaya, ba haka yake nufi ba."

Mutane da yawa in sun ji kalmar nan sai su ɗauka ciwo mai tsanani ake nufi, ko wanda ya gagari magani. Ko ɗaya. Lokaci take aunawa, asalinta ma daga kalmar Girkanci ce mai nufin lokaci. A ƙa'idar likitoci, ciwon da ya haura wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, ya shiga wannan sahu. Haka aka rubuta a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022. Da Hausa ni na fi son a ce ciwo mai naci. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a ƙiyasin hukumar, mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki a duniya.

Abin da ke rikita mu shi ne muna auna kowane ciwo da irin na haƙori. In ruɓa ta ci haƙori har ta kai jijiyar da ke ciki, likita kan huda shi, ya kwashe abin da ya lalace, ya wanke ramin saiwar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya cike shi da siraran tsinkayen danƙon gatafaca, wanda ake samu daga wasu itatuwa na yankin Malesiya, ya liƙe bakin. Galibi shi ke nan, an rabu. Wuri ɗaya ne ya ɓaci, an gano shi, an gyara. To, baya ba ya tafiya a haka. Kusan 90 cikin 100 na masu ciwon ƙasan baya ba a iya ɗora yatsa a ce ga takamaiman wurin da ya lalace. Har ma akan ɗauki hoton masu ƙoshin lafiya a ga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan zaizaye, alhali ba sa jin komai.

To daga ina zafin yake fitowa? Saƙon ciwo daga jijiyoyi yake tasowa, ya bi ta laka ya kai ƙwaƙwalwa, ita ce ke yanke hukuncin yawan zafin da za ka ji. Idan saƙon ya daɗe yana zuwa, hanyar kan saba har ta riƙa kururuta ƙaramin abu. Ɗan sunkuyon da a da ba komai ba ne, yanzu sai a ji shi kamar an soka allura. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jijiyoyin jiki ma haka suke koyon tsoro. Zafin na gaske ne, ko da raunin farko ya daɗe da warkewa.

Nan ne lafiyar ƙwaƙwalwa ke shigowa, kuma nan ne na fi jin zafin yadda muke yi wa mutanenmu. Mai ciwo mai naci ba ya samun barci. Aiki ya ragu, abin cefane ya ragu. Magidancin da bai kai shekara 50 ba ya koma salla a kan kujera, yana jin kunyar idon jama'ar masallaci. Mace kuwa, wadda ke wanki a sunkuye da goyo a baya, in ta yi ƙorafi sai a ce raki ne. A hankali mutum ya daina zuwa majalisa, ya daina zumunci, ya zama mai saurin fushi, abinci ya fita ransa. Ciwon damuwa ke nan ya shigo. Shi kuma in ya shigo sai ya ƙara wa zafin ƙarfi, domin rashin barci da fargaba suna rage wa ƙwaƙwalwa ikon danne saƙon ciwo. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Saboda haka in likita ya tambayi yadda kake barci, ko ya tura ka sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ba taɓin hankali yake jingina maka ba.

A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon baya mai naci. Abin da ta sa a gaba shi ne a fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki, motsa jiki bisa tsari, tausa da sauran aikin masu gashin ƙashi, da zaman tattaunawa da ƙwararre don gyara yadda ake tunanin ciwon. Ba ta goyi bayan ɗamarar baya ba, haka nan magunguna dangin tiramadol, waɗanda duk mun ga ɓarnarsu a tsakanin matasanmu. Ko magungunan rage zafi irin su dikilofenak na ɗan lokaci ne. Haɗin da ake karɓa a kemis kullum yana iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Doguwar kwanciya ma ƙara sanƙarar da baya take yi.

Amma fa akwai ciwon bayan da ba a jira da shi. In ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, a garzaya asibiti. Tarin fuka na kama ƙashin baya, kuma a Zariya muna da asibitin koyarwa a Shika da cibiyar tarin fuka da kuturta a Saye.

Yaya dai ya koma wurin likitan, wannan karon ya faɗa masa abin da ya ɓoye da farko: ya yi wata da watanni ba ya barcin kirki, kuma har ya fara tunanin ajiye allura. Yanzu yakan tashi daga kan ɗinki lokaci-lokaci ya miƙe, bayan asuba kuma ya taka zuwa Ƙofar Doka ya dawo. Kwankwason bai sake shi gaba ɗaya ba, amma ya gama rigar da ta yi wata 4 a rataye.