Sifesa da babban birki: amsar tambayoyin da ake ta maimaita min

Jama'a, tambayoyin nan su ne dai kullum. Mutum ya sayo babban kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, na kamfanin Brembo ko Wilwood ya ɗaura, ya zo mayar da wili sai ya ji ƙarfe na cin ƙarfe, daga nan sai a fara nemana. To ga amsa baki ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai mene ne ma sifesa ɗin?

Faifai ne na alminiyom da ake sawa tsakanin hob, wato wurin da ake ɗaure wili a jikin mota, da wili don ya turo wilin waje. Shi ke nan.

In na sa zai daina gugar?

Sai ka duba inda yake gugar tukuna. In fuskar kalifa ce ke taɓa bayan sifok ɗin wili, wato sandunan da suka haɗa tsakiyarsa da gangarsa, eh, aikin sifesa ke nan. In kuwa ƙeyar kalifa ce ke cin cikin gangar wilin, to birkin ne ya fi ƙarfin wilin, kuma wili mai inci 16 ba ya zama 18 don an turo shi waje. Canja wili kawai.

Ba zan iya ɗan goge kalifan da giranda ba, kaɗan ne fa ya rage?

A'a. Haba malam, abin da ke riƙe da ranka da na iyalinka za ka sa wa giranda? Akwai hanyar man birki a cikin jikin nan, kuma naman da ka cire shi ke hana shi buɗewa in ka taka da ƙarfi. Kar ka taɓa shi, kar ka goge bayan wilin ma.

To mai kaurin nawa zan saya?

Nan ne kowa ke son in faɗi lamba ɗaya ya tafi, ni kuma ba zan faɗa ba, don motoci biyu iri ɗaya ma in wilinsu ya bambanta amsar ta bambanta. Ka fara da awo. Yawancin masu ƙera manyan birki suna ba da zanen kalifansu, ka buga shi a takarda daidai girmansa ba tare da an rage ko an ƙara ba, ka manna a kwali ka yanke ka sa a cikin wilin. In birkin na jiki, ka jera washa a kan kusoshin hob ka ɗora wili ka juya da hannu har ya daina taɓawa, sai ka auna kaurin washar, amma wannan awo ne kawai fa, kar ka hau titi da su. Abin da ake nema shi ne a samu tazarar milimita 3 tsakanin kalifa da wili ta ko'ina, domin ƙarfe in ya yi zafi yana buɗewa, wili ma yana ɗan lanƙwasa a kwana. Ka duba har da dalmar balansin da ake mannawa a ciki, sau da yawa ita ce ke fara gogewa.

Yanzu ga inda abin ke da sarƙaƙiya. A tsakiyar hob akwai ɗan leɓe da wili ke zama a kai ya daidaita. Sifesa mai milimita 3 zuwa 5 galibi yana barin isasshen leɓe, ba matsala. Daga 6 zuwa kamar 10 kuwa, a motoci da yawa ya cinye leɓen, kuma bai kai kaurin da zai zo da nasa leɓen ba, sai wili ya zauna a kan kusoshi kaɗai, sitiyari ya fara rawa in ka ɗauki gudu. Shi ya sa wani lokaci wanda awonsa ya nuna 8 nakan ce masa ya ɗauki 12 mai leɓe, muddin taya ba za ta ci madigadi ba. In za ta ci kuwa, wataƙila canjin wili ya fi maka kwanciyar hankali. Ramin tsakiyar sifesa ma dole ya zo daidai da leɓen hob ɗin motarka, yawancin Toyota milimita 60.1 ne, Honda 64.1, Volkswagen 57.1, tsofaffin BMW 72.6, ka auna naka kar ka dogara da cewar mai sayarwa wai yana shiga kowace mota.

Sai zare. Duk milimitar da sifesa ya ɗauka, daga tsawon kusa ya cire ta. Ƙa'idar da nake bi ita ce noti ya kama zare aƙalla daidai kaurin kusar, kusa mai M12x1.5, wato kauri milimita 12 da zare mai tazarar 1.5, juyi 8 ke nan, ka ƙirga da hannunka. In bai kai ba, sai dogayen kusoshi. Motocin Jamus da ke amfani da bol su kuma bol ɗin za ka ƙara wa tsawo daidai kaurin sifesa, kar ya wuce ya shiga ya taɓa kayan hambirek a baya, kuma ka lura da mazauninsa, na BMW mai tsini ne, na Volkswagen da Mercedes mai zagaye. Akwai kuma masu kauri, 15 ko 20 zuwa sama, da ake ɗaure su a hob su zo da nasu kusoshin. Suna da kyau, sai dai in tsohuwar kusa ta leƙo ta gaban sifesa dole bayan wilinka ya zama yana da ramukan da za ta shige, in babu wili ba zai kwanta ba, ko da kuwa ka ga kamar ya ɗauru.

Ina da masu 5 guda biyu, in haɗa su su zama 10?

A'a. Ɗaya tak a kowace ƙafa.

Gefe ɗaya ne ke gogewa, in sa a nan kaɗai?

Hagu da dama kauri ɗaya. Kuma in gefe ɗaya ne kawai ke gogewa, akwai abin da bai zauna daidai ba, nemo shi.

An ce yana kashe boris, gaskiya ne?

Kwantar da hankalinka. ET shi ne awon yadda wili ya shige ciki, ƙaramar lamba wili ya fi fitowa waje ke nan. Wili mai ET45 in ka sa masa sifesa 10 ya koma kamar mai ET35 ne, nauyin da boris zai ɗauka ɗaya ne da na wanda ya sayi wilin ET35 tun farko. Nauyi yana ƙaruwa kam, kuma yadda sitiyari ke amsawa yana ɗan canjawa, shi ya sa nake cewa mafi sirantar da zai yi aikin za ka ɗauka, ba wanda zai sa mota ta yi kyau a hoto ba.

Dole ne sai da sufana mai awo?

Dole. Wannan ne ke ɓata min rai, mutum ya kashe dukiya a birki sannan ya hau kan sufana da ƙafa yana tsalle. Ka kankare tsatsar fuskar hob da buroshin ƙarfe har ta yi fes, kar ka shafa giris a zare, ka ɗaure a gicciye daidai awon da littafin motarka ya faɗa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bi. In mai kusoshin kansa ne, sai ka cire wili ka duba notocin ciki, su ba a ganinsu daga waje.

Safaya fa?

Madalla da wanda ya tuna, don kusan babu mai tambaya. Ka gwada ta a gaba tun kana gida. In ba ta shiga kan sabon kalifa, ranar da tayar gaba ta yi faci sai ka sa safaya a baya ka dawo da ta baya gaba, in girmansu ɗaya. In motarka mai bol ce kuma safayar ba ta hawa sifesa, ka ajiye gajerun bol ɗinka na asali a but.