Wai me ya sa in ana sosa maka baya sai ka yi ta "sama kaɗan, a'a ƙasa"?

Ashe ba duk fata ce ke jin taɓi iri ɗaya ba?

Ko kusa. Jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi zuwa ƙwaƙwalwa ba a raba su daidai a jiki ba. A kan yatsu da leɓe da harshe a cunkushe suke, kowace da ɗan mitsitsin wurin da take kula da shi, a gadon baya da cinya kuwa jefi-jefi ne, jijiya ɗaya ke riƙe da fili guda. Shi ya sa in bayanka na ƙaiƙayi ka san dai yankin ne amma takamaiman wurin sai an yi ta lalube, kana cewa hagu hagu, mai sosawar har ya gaji ya ce malam to ka sosa abinka.

Ta yaya aka auna wannan?

Wani Bajamushe ne, Ernst Weber, ya rubuta a kai tun 1834, kuma gwajin nasa ko a gida za ka iya yi. Samu tsinken sakace biyu, ka ce ƙaninka ya rufe ido, ka ɗora masa su tare a fata ka tambaye shi ɗaya ne ko biyu. A kan yatsa ko da tazarar milimita 2 zuwa 3 ce tsakaninsu zai ce biyu, kan harshe ma ya fi haka, wajen milimita 1. To koma bayansa, sai ka buɗa su kamar santimita 4 yana rantsuwa tsinke ɗaya ne. Kar dai ka danna da ƙarfi, taɓi ake aunawa ba zafi ba.

To ina ruwan ƙwaƙwalwa a ciki?

Nan ne ma abin ya fi ban sha'awa a wurina. A shekarun 1930 wani likitan tiyata a Montreal ta Kanada, Wilder Penfield, yana yi wa masu farfaɗiya aiki a ƙwaƙwalwa suna farke, sai ya riƙa taɓa wurare da ɗan lantarki kaɗan mara lafiya yana faɗa masa inda ya ji a jikinsa. Da aka haɗa taswirar sai ga hannu da leɓe da harshe sun kwashe kaso mafi tsoka, baya duk faɗinsa ɗan wuri ya samu. In aka zana mutum bisa wannan rabon wani dodo ne zai fito, hannuwa maka-maka, leɓuna kamar faranti, jiki ɗan tsurut. Ka tuna ɗan zaren naman da ke maƙalewa a haƙori, harshe ya dame ka kamar igiya ce, ka ciro ka ga da kyar ma ake ganinsa.

Makafi sun fi mu jijiyoyi a yatsa ne?

A'a, yawan amfani ne. Ɗigon rubutun makafi na Braille tazararsu wajen milimita 2.5 ce, daidai gejin abin da yatsa ke iya rabewa, sauran kuma sabo ne. Kamar mai sayar da shadda da zai murza ta sau ɗaya ya gaya maka kuɗinta.

Jin taɓin yana raguwa?

Eh, tsufa na rage shi, kantar fata ma haka, hannun manomi ba ɗaya yake da na tela ba. Wanda ya fi haɗari shi ne na ciwon suga da kuturta, suna lalata jijiyoyin, na suga yawanci daga ƙafa yake farawa, mutum ya taka ƙusa ko ƙaya ya wuni bai sani ba har wurin ya zama gyambo. Shi ya sa a asibiti ake taɓa tafin ƙafar mai suga da wani siririn zaren roba a ga ko zai ji, kuma ake ce masa ya riƙa duba ƙafarsa da ido kullum, ya zazzage takalmi kafin ya sa.