Waiwaye: Dewey Balfa da gogen mutanen Cajun

Kakannin mutanen Cajun Faransawa ne da suka zauna a Akadiya, gabashin Kanada ta yau. Daga 1755 Turawan Ingila suka fatattake su, wasu suka yi ta gararamba har suka yada zango a fadamun kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, da harshensu da waƙoƙinsu da goge mai tsirkiya huɗu.

Abin da ya kusa kashe kiɗan shi ne kunya. A 1921 tsarin mulkin jihar ya mai da Turanci harshen koyarwa tilo. Yaron da ya yi Faransanci a makaranta sai ya sha hukunci, wani a sa shi ya cika takarda da alkawarin ba zai ƙara ba. Waɗannan yaran suka girma suna ganin kiɗan gidajen rawa na daren Asabar a matsayin ƙauyanci.

Cikin wannan hali aka haifi Dewey Balfa a 1927, kusa da garin Mamou. A hannun mahaifinsa Charles ya koyi goge, yana kaɗawa tare da 'yan'uwansa. A 1964 aka kai shi bikin kiɗan gargajiya na garin Newport, a arewa maso gabashin Amurka, kuma jita ma aka ba shi, don ya maye gurbin wani. Dubban mutane suka miƙe tsaye suna tafi. Mutumin da ya saba da ɗan ɗakin rawa mai cike da hayaƙin taba ya ga baƙi suna girmama abin da ake rainawa a gida.

A ganina abin da ya yi bayan ya dawo ya fi tafin nan nauyi. Ya kafa ƙungiyar Balfa Brothers, suka koma Newport a 1967. Ya tsaya kai da fata har aka shirya babban bikin kiɗan Cajun a birnin Lafayette na Luwiziyana a 1974. Ya kuma riƙa shiga makarantu da gogensa, wato wuraren da aka hana iyayen yaran magana da harshensu.

A 1979 hatsarin mota ya ɗauke masa 'yan'uwa biyu, Will da Rodney, amma bai ajiye gogen ba. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 1982, ya rasu a 1992. 'Yarsa Christine ta kafa ƙungiyar Balfa Toujours, tana rera waƙoƙin da Faransanci.