Littafi Mai Tsarki a Arewacin Kamaru: Fassara, Sharhi da Karatu

Littafi Mai Tsarki shi ne tushen bangaskiyar Kirista. Ya kasu kashi biyu, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ikkilisiyoyin Furotesta suna ƙirga littattafai 66 a cikinsa, Katolika kuma 73. A Arewacin Kamaru da kudu maso yammacin Cadi, batun fahimtarsa ba ya rabuwa da batun harshe, domin da wuya a sami majami'ar da masu sujadarta duka suka tashi da yare ɗaya.

Shigowar bishara

Kiristanci bai daɗe a wannan yanki ba idan aka kwatanta da kudancin Kamaru. Wajen 1920 mishan na 'Yan'uwa Lutheran daga Amurka suka fara aiki a Lere ta Cadi da Yagwa, tsakanin ƙabilun Mundang da Masa. A 1923 Adolphus Gunderson, wani ɗan mishan Lutheran daga Amurka, ya sauka a ƙasar Gbaya, 'yan Norwe kuma suka iso Ngaundere a 1925. Daga waɗannan aka sami manyan ikkilisiyoyin Lutheran biyu, ɗaya da hedikwata a Ngaundere, ɗaya a Garwa. Katolika sun kafu sosai daga 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko a Garwa.

Harsunan karatu

Yawancin Hausawan Garwa, Marwa da Ngaundere Musulmi ne, saboda haka ba Hausa ba, Fulatanci ne ya zama harshen da ya haɗa ikkilisiyoyin arewa. Da shi gidan rediyon Sawtu Linjiila na Ngaundere ya fara shirye-shirye a 1966, kuma cikakken Littafin ya fito da Fulatancin Adamawa a 1983. 'Yan boko suna riƙe da na Faransanci, musamman tsohuwar fassarar Louis Segond ta 1910.

Hausa ta shigo ne ta wata ƙofa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan doguwar wahalar ɗan mishan Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka kuma sake sabuwar fassara kusan shekara hamsin bayan haka. Fatake da ma'aikata daga Adamawa da Borno ta Najeriya su suka riƙa tsallakowa da shi, tare da littafin waƙoƙinsu. Rikicin Boko Haram ya ƙara yawan masu karanta shi: sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, ya karɓi ɗimbin Kiristoci daga yankin Gwoza, da yawansu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma da Hausa suke sujada.

Wanda ya zauna a irin waɗannan majami'u ran Lahadi ya san yadda abin yake. Fasto ya karanta aya da Faransanci, tafinta na tsaye a gefensa ya juya ta zuwa Fulatanci, wata dattijuwa a bencin mata tana bi da yatsa cikin nata na Hausa da bangonsa ya sha ɗinki. In mai wa'azi ya kawo kalma mai nauyi kamar alheri ko fansa, tafinta kan ɗan dakata, ya zaɓi wadda jama'a za su gane, wani lokaci har ya ƙara misalin gona ko kasuwa. A zahiri shi ne mai sharhi na farko da yawancin jama'a ke ji, ko da yake ba kasafai ake tura shi makarantar tauhidi ba. Ko suna ma yakan bambanta: fassarar Hausa ta boko tana cewa Yesu, ta Larabcin Cadi tana cewa Isa.

Hanyoyin fahimta

Makarantun tauhidi na Maiganga da Kaele suna koyar da hanyar da aka gada daga gyaran ikkilisiya na ƙarni na 16, wanda ya haifar da Furotesta: a duba abin da ke gaban aya da bayanta, a san wanda ya rubuta da waɗanda aka rubuta wa, a bar Nassi ya bayyana Nassi. Katolika suna ƙara koyarwar ikkilisiya da al'adarta a kan wannan.

Akwai kuma karatun da ya tsiro daga duwatsun Mandara. Fada Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya zauna a Tokombere daga 1959, yana yawo ba takalmi, yana sauraron dattawan dutse kan abin da suka sani game da Allah kafin ya yi musu wa'azi. Ya rasu a 1975. Jean-Marc Ela, fada kuma masanin tauhidi ɗan Kamaru wanda ya yi aiki a can, ya ɗora a kai: ya karanta labarin Fitowa daga Masar da idon manomin da fari da haraji suka matse, yana tambayar abin da bishara za ta ce game da rumbun da ba hatsi. Wannan karatu ya fi shahara a jami'o'in waje fiye da ƙauyukan da suka haife shi, abin da ba ya rasa nasaba da cewa da Faransanci aka rubuta shi.

Sababbin ikkilisiyoyin Fentikos na birane sun fi karkata ga ayoyin warkarwa da wadata. Masu sukarsu na cewa ana tsinko aya ɗaya, kamar Malakai 3:10 kan zakka, a ɗora mata kayan da ba nata ba. Auren mace fiye da ɗaya, sadaki, da yadda za a bayyana wa maƙwabci Musulmi lafazin "Ɗan Allah" su ma suna cikin abubuwan da ake yawan muhawara a kai.

Abin karantawa

Ɗaya daga cikin littattafan da fastoci ke nema shi ne sharhin Littafi Mai Tsarki na Afirka mai juzu'i ɗaya, wanda masana 70 na nahiyar suka rubuta ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo. Ya fito da Turanci a 2006, da Faransanci a 2008. Masu neman zurfi sukan karanta Ma foi d'Africain na Ela (1985), su haɗa da gargaɗin Byang Kato na Najeriya kan gauraya bangaskiya da al'ada, domin mutanen biyu ba su tsaya wuri ɗaya ba. Lamin Sanneh ɗan Gambiya kuwa ya yi bayani a 1989 kan yadda fassara ta ɗaukaka harsunan gida. Littattafan suna da tsada, don haka kwafi ɗaya kan zaga hannun masu bishara da dama. Matasa sun koma manhajar waya irin su YouVersion, waɗanda ba su iya karatu ba kuma suna sauraron Linjila daga katin waya.