Rage Yawan Dodon Koɗi a Tankin Kifin Ado na Ruwan Daɗi

Dodon koɗi yana cikin halittun da kan cika tankin kifin ado na gilashi ba tare da mai tankin ya saye su ba. Yawanci ƙwansa ne ke shigowa manne da ganyen sabon tsiro, ko da tsakuwa da itacen ado da aka ɗebo daga wani tankin. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutar da kifi, amfani ma yake yi, domin yana cinye gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ragowar abinci. Sai ya kai ɗaruruwa ya zama matsala: ya rufe gilashi, ya ƙara ƙazanta, ƙanana su shige matatar ruwa su tsayar da farfelarta. Abin da masu kiwon kifin ado suka tabbatar shi ne, yawan dodon koɗi yana bin yawan abincin da ke cikin tanki. Duk dabarar da ba ta taɓa abincin ba, sauƙin 'yan makonni kawai take kawowa.

Ire-iren da aka fi gani

Uku ne suka fi damun mutane, kuma sanin wanda ake fama da shi ne ke nuna dabarar da za ta yi aiki.

Na farko shi ne Physella acuta, ɗan ƙarami da bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba. Ɓawonsa siriri ne, har ana hango ɗigo-ɗigon jikinsa ta ciki. Asalinsa daga Arewacin Amurka yake, amma yanzu ya bazu kusan ko'ina a duniya. Idan aka riƙe shi tsininsa na sama, bakin ɓawon na kallon mutum, bakin yana gefen hagu, saɓanin yawancin dodon koɗi. Mata-maza ne, ɗaya tak zai iya yin ƙwai mai ƙyanƙyashewa. Yana ajiye ƙwan a cikin wani dunƙulen yauƙi garai-garai a bayan ganye ko jikin gilashi, goma zuwa arba'in a dunƙule guda. A ruwa mai ɗumin digiri 25, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin mako ɗaya zuwa biyu, 'ya'yan kuma su fara nasu ƙwan bayan wata guda da 'yan kwanaki. Da zafi ya ƙaru, abin ya ƙara sauri, shi ya sa tankin da ke ɗaki mai zafi ya fi saurin cika.

Na biyu shi ne mai ɓawo naɗaɗɗe kamar ƙahon rago, na dangin Planorbidae. Akwai ja, akwai ruwan ƙasa. Shi ma mata-maza ne, ƙwansa faifai ne mai ɗan tauri da ke manne wa ganye sosai.

Na uku, Melanoides tuberculata, shi ne mai wuyar sha'ani. Ɓawonsa dogo ne mai tsini, santimita biyu zuwa uku, mai tauri ƙwarai. Yini yake yi a binne cikin rairayi, sai dare ya fito. Macen ba ta buƙatar namiji, kuma ba ta ajiye ƙwai a waje, 'ya'ya take haifa da ɓawonsu. Yana da wani murfi da yake toshe bakin ɓawon da shi, wanda ke kare shi daga magani da bushewa na ɗan lokaci. Mai tanki zai ga goma da rana ya ɗauka shi ke nan, sai ya haska tocila sa'a biyu bayan kashe fitila ya tarar da gilashin ya yi baƙi ƙirin. Duk da haka wasu da gangan suke ajiye shi, saboda yana motsa rairayi yana hana shi daskarewa. Idan aka ga ya yi ayari yana hawa gilashi da rana tsaka, a duba ruwan: sau da yawa iska ce ta yi ƙaranci ko ƙazanta ta yi yawa.

Ba a lissafa manyan dodon koɗin da ake saya don ado a cikin waɗannan. Na dangin Neritidae suna yin fararen ƙwai kamar riɗi a jikin itace, amma 'ya'yan ba sa rayuwa a ruwan daɗi. Na jinsin Pomacea kuma a saman ruwa suke ajiye curin ƙwansu, inda za a iya ɓamɓare shi da yatsa.

Toshe hanyar abinci

A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana. Duk abin da ya sauka ƙasa ya kwana, na dodon koɗi ne. Kifin da ya girma kuma yake da lafiya ba ya cutuwa idan aka tsallake masa rana ɗaya a mako. An fi samun matsala da dunƙulen abinci mai nutsewa da ake jefa wa kifayen ƙasa, domin mutane kan jefa guda biyu inda rabin ɗaya ya isa.

Kowane mako a canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, ana zuƙe tsakuwar da tiyo, musamman ƙarƙashin duwatsu da kusurwoyin da ruwa ba ya gudana. A tsinke ganyen da ya fara narkewa, a cire mataccen kifi da zarar an gan shi. Fitila kuma kada ta wuce sa'a shida zuwa takwas a rana, tankin kuma kada ya kalli taga, don hasken da ya yi yawa shi ke haifar da gansakuka.

Wannan hanyar ba ta da sauri. Manyan ba sa mutuwa nan take, haihuwar ce ke raguwa, ƙananan kuma su kasa girma. Sai an yi wata ɗaya zuwa biyu ake ganin bambanci, kuma a nan ne mutane da yawa ke ƙosawa su koma ga magani.

Tsinta da tarko

Tarko mafi sauƙi shi ne ganyen latas, ko yankan kokwamba ko kabewa. A tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti ɗaya don ya yi laushi ya nutse, a bar shi ya huce, a danne shi da cokali a ƙasan tanki bayan an kashe fitila. Da asuba, kafin haske ya kore su, a ɗago shi da duk abin da ya taru a kai. Kada ya wuce sa'a goma sha biyu a ciki, in ba haka ba ya ruɓe ya zama abin da ake gudu. Idan kifi na cinye ganyen, a sa shi a cikin ƙaramar robar ruwa da aka huda mata ramuka daidai shigar dodon koɗi, a zuba mata tsakuwa don ta zauna, a ɗaura mata zare. Ana maimaita wannan kowane dare na mako biyu ko uku, domin tarko ba ya kama ƙwai, sai an jira kowane rukuni ya ƙyanƙyashe.

Ƙwan da ke jikin gilashi ana kankare shi da tsohon katin roba. Wasu kan murƙushe masu siririn ɓawo a jikin gilashi kifi ya cinye. A yi hakan da bayan cokali, domin ɓawo na yanka yatsa, kuma rauni a cikin ruwan tanki kan kamu da ƙwayar cutar fata mai wuyar warkewa.

Masu cin dodon koɗi

Wanda ya fi dacewa da ƙaramin tanki shi ma dodon koɗi ne, Anentome helena, ɗan ƙasashen Tailan da Malesiya da Indonesiya, mai ratsin rawaya da baƙi. Yana zura dogon bakinsa cikin ɓawon ɗan'uwansa ya cinye naman. Masu kiwo kan sa biyar ko shida a tankin lita 100. Aikinsa a hankali yake, watanni yake ɗauka, amma shi ba ya cika tanki, saboda sai namiji da mace sun haɗu, kuma ƙwai ɗai-ɗai take ajiyewa. Ba ya bambanta na ado da na ɓarna, don haka a kwashe waɗanda ake so kafin a sa shi.

A cikin kifaye, dangin Botia ne suka yi suna. Botia striata ba ya wuce santimita tara, kuma sai a garke na biyar ko fiye yake sakewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen Chromobotia macracanthus na tsibiran Sumatra da Borniyo, mai ruwan lemo da baƙin ratsi. Ana sayar da shi kamar tsawon yatsa, amma yana iya kai santimita 30, yana shekaru da yawa, kuma garkensa na buƙatar tanki na ɗaruruwan lita. Dodon koɗin zai ƙare a wata biyu, kifin ya rage.

Talibambam ma abincinsa ke nan, haƙoransa an yi su ne don fasa ɓawo. Wanda masunta suka sani a kogin Neja da tafkin Chadi, Tetraodon lineatus, yana kai santimita 40, kuma ba ya barin wani kifi ya zauna da shi lafiya. Ɗan ƙaramin ɗan'uwansa na jihar Kerala a Indiya bai cika wuce santimita uku ba, yana cin ƙananan dodon koɗi sosai, sai dai yana gatsar wutsiyar sauran kifaye.

Wanke sabon tsiro

Hana shigowa ya fi duk waɗannan arha. A ajiye sabon tsiro a bokiti ko wani tanki daban, inda haske ke samunsa, na mako uku zuwa huɗu, ana tsince duk abin da ya ƙyanƙyashe. Mai gaggawa yana da zaɓi biyu.

Alif, wanda wasu ke kira alam, wanda ake kwantar da ruwa da shi: cokalin cin abinci ɗaya a lita huɗu na ruwa, a jiƙa tsiron kwana biyu zuwa uku. Manyan dodon koɗin na mutuwa cikin sa'o'i, ƙwan ne ke buƙatar kwanakin, saboda yauƙin da ya lulluɓe shi.

Ruwan bilic na wanki, wanda ba a sa masa ƙamshi ko sabulu ba: kashi ɗaya a kashi 19 na ruwa, minti biyu kacal, kuma ga masu kaurin ganye kawai irin su Anubias. Masu laushin ganye narkewa suke yi. Bayan nan a ɗauraye sosai, a jiƙa a ruwan da aka sa wa maganin kashe kulorin har warin ya ɓace.

Kowanne aka yi, a bokiti ake yi, ba a cikin tankin kifi ba. Akwai kuma tsirran da ake rainonsu a ɗakin gwaji ana sayarwa a rufaffen kofi, waɗanda ba sa zuwa da ƙwan komai.

Magani a cikin tanki

Yawancin magungunan kashe dodon koɗi suna ɗauke da sinadarin jan ƙarfe. Yana kashewa, amma har da jatan lande da dodon koɗin ado, kuma tazarar da ke tsakanin abin da ke kashe su da abin da ke cutar da kifi ƙarama ce. Gubarsa ta fi ƙarfi a ruwa mai ƙarancin ma'adinai. Yana kuma laɓewa a cikin tsakuwa da itace ya riƙa fitowa daga baya, har tankin ya ƙi karɓar jatan lande na tsawon watanni.

Babbar illar ba ta maganin ba ce, ta gawarwakin ce. Ɗaruruwa su mutu a dare ɗaya, yawancinsu a binne inda ba a gani, su ruɓe, gubar ammoniya da ruɓar ke haifarwa ta tashi, iskar ruwan ta ragu. Idan wuta ta ɗauke a daren, famfon iska ya tsaya, ana iya wayar gari kifin ya mutu. Wanda ya ga dole sai ya yi, ya fara rage su da tarko na mako biyu, ya cire gawayin matata don kada ya shanye maganin, ya zuƙe ƙasa kullum, ya riƙa auna ammoniya, sannan ya canza rabin ruwan ya mayar da sabon gawayi. Ko da haka, Melanoides kan rufe murfinsa wasu su tsira. Raba tanki da shi gaba ɗaya sai an kwashe kifin zuwa wani wuri, an zubar da rairayin ko an tafasa shi.

Tsiron kududdufi da wurin zubarwa

A ƙasashen da ake fama da tsargiya, ɗebo tsiro ko rairayi daga kududdufi, dam ko magudanar noman rani yana da wani haɗari daban. Dodon koɗi na jinsin Bulinus ne ke ɗauke da tsutsar da ke sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma ta hanji. Na farko yana kama da Physella har a karkatar baki zuwa hagu, na biyu kuma da mai ƙahon rago, ido kawai bai cika raba su ba. Dodon koɗin da ya riga ya kamu zai iya yin makonni yana sakin tsutsar a cikin ruwa, ita kuma ta fata take shiga. Irin wannan tsiron sai da safar hannu ta roba, kuma sai ya bi ta alif kafin ya ga tanki.

Waɗanda aka tsince ba a zuba su a kwata, masai ko rafi. An gano jinsin Pomacea a gonakin shinkafa na bakin kogin Ebro a Sifaniya a 2009, ɓarnar da ya yi ta sa Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012. A ƙulle su a leda a sa a firiza kwana guda, ko a zuba musu tafasasshen ruwa, sannan a jefa a shara. Ruwan da aka zuƙo daga tanki kuma a zuba shi a busasshiyar ƙasa ko gindin shuka, nesa da magudana.