Kishin ƙasa a tsakanin masu zaɓe a Amurka

Kishin ƙasa a wajen masu kaɗa ƙuri'a a Amurka fuska biyu gare shi: alfahari da ƙasar kanta, da kuma godiya ga waɗanda suka sha wuya kafin ƙuri'a ta zama haƙƙin kowa. Ana yawan haɗa su wuri guda, amma ba tafiyarsu ɗaya ba.

Babban zaɓe na faɗowa ne ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, tsarin da ya samo asali daga dokar 1845. A rumfunan zaɓe da dama, da mutum ya gama kaɗa ƙuri'arsa sai a miƙa masa 'yar sitika mai cewa ya yi zaɓe, sau da yawa da hoton tuta a jikinta. Wasu kan wuni da ita a ƙirjin riga.

A birnin Rochester na jihar New York kuwa, ba a riga kaɗai take ƙarewa ba. Can ne Susan B. Anthony, mai fafutukar nema wa mata haƙƙin zaɓe, ta kaɗa ƙuri'a a 1872, lokacin da doka ba ta yarje wa mata ba. Aka kama ta, kotu ta ci ta tarar dala 100, ta ce ba za ta biya ba, ba ta kuwa biya ba. Ta rasu a 1906, saura shekara 14 gyara na 19 ga kundin tsarin mulki ya ba mata wannan haƙƙi. Yau mutane, galibinsu mata, kan bi layi a maƙabartar Mount Hope ranar zaɓe, su ɓare sitikar daga rigarsu su manna a dutsen kabarinta. Da ɗankon ya soma ɓata dutsen, sai aka sa masa rufin roba domin al'adar ta ci gaba. Da wuya a sami godiyar da ta fi wannan fitowa fili.

Baƙar fatar Amurka su ma suna da abin tunawa. Gyara na 15 ya ba mazansu ƙuri'a tun 1870, amma jihohin kudu suka toshe hanya da harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Sai bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattakin neman haƙƙin zaɓe a gadar Edmund Pettus da ke garin Selma na jihar Alabama, ranar 7 ga Maris 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe a watan Agustan shekarar. A 1971 aka rage shekarun zaɓe zuwa 18, bisa hujjar cewa wanda ya isa a tura shi yaƙin Biyetnam ya isa ya zaɓi shugabanninsa.

Alfahari kuwa hawa da sauka yake yi. Cibiyar Gallup mai binciken ra'ayin jama'a tana auna shi tun 2001. A 2003, bayan harin 11 ga Satumban 2001, kashi 70 cikin ɗari suka ce suna matuƙar alfahari da zama Amurkawa. A 2022 adadin ya sauko zuwa kashi 38. Jam'iyya ma ta raba kan jama'a: a binciken 2025, kashi 92 na 'yan Rifablikan sun ce alfaharinsu mai yawa ne ko na matuƙa, yayin da a ɓangaren Dimokurat kashi 36 ne kawai suka faɗi haka. Matasa su ne suka fi ja da baya, idan aka gwada su da iyayensu da kakanninsu.